Shawara ga Iyayen Matasan 'Yan Wasan Hoki na Kan Ƙanƙara

A Kanada da Amurka da Suwidin, matashin da ya yi fice a wasan hoki na kan ƙanƙara yakan ɓoye ciwo don kada a cire shi daga wasa. Iyaye, aikinku na farko shi ne ku hana wannan ɓoyo, musamman idan kansa ne ya bugu.

Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta bukatar jini ko suma. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa jijjiga a ciki. Idan aka bangaje yaro ya ce kansa na ciwo, ko jiri na ɗibarsa, ko haske na damunsa, ko ya rikice, ku fitar da shi nan take, kada ya koma wasa a wannan rana. Idan yana amai a kai a kai, ko barci na rinjayarsa, ko wuyansa na ciwo sosai, ku garzaya asibiti.

Bayan likita ya duba shi, ya huta kwana ɗaya ko biyu, sannan a bi mataki-mataki: tattaki, sai gudu a ƙanƙara shi kaɗai, sai atisaye ba tare da karo ba. Kowane mataki ya ɗauki aƙalla awa 24. Komawa aji ta riga komawa gasa, kuma likita ne zai ba da izini, ba koci ba. Misali, a Janairun 2011 an bugi ɗan wasan hoki Sidney Crosby a kai sau biyu cikin kwana biyar, ya rasa sauran kakar wasan gaba ɗaya.

Ku tambayi dokar bangaza a rukunin da ɗanku yake ciki. Binciken Jami'ar Kalgari na 2010 ya gano cewa yara 'yan shekara 11 da 12 da aka yarje musu bangaza sun ninka sauran sau uku wajen samun rauni. A 2013 hukumar hoki ta Kanada ta haramta bangaza a wannan rukuni.

Kada ɗanku ya shiga fili ba kariyar wuya. A Oktoban 2023 kaifin takalmin wasa ya yanki wuyan ɗan wasan hoki Adam Johnson a Ingila, ya rasu.

Mai tsaron raga da ke kukan ciwon kwatangwalo ko matsematsi, a kai shi a duba da wuri, domin yawan durƙuso yana cin gaɓar. Ku cika wa ɗanku allurar rigakafi, ya kuma riƙe gorar ruwansa shi kaɗai. A 2014 hangum ya bi ƙungiyoyin gasar hoki ta NHL da dama.

Ku zaunar da ɗanku tun kafin kakar wasa ta fara, ku faɗa masa ƙarara cewa ba za ku taɓa yin fushi don ya ce kansa na ciwo ba. Yaron da ya san haka shi ne zai faɗi gaskiya a kan lokaci.