Layar zana mai batir ba ta ɓoye shaida

Labaran ƙagen kimiyya da matasanmu ke turo mini in duba kusan duk hanya ɗaya suke bi: yaro ya ga 'yan bindiga sun sace mutum, wani masani ya ba shi riga mai ɓatar da shi ko na'urar sauya fuska, shi ke nan ya tsira. Layar zana ce kuka sa wa batir, kuma na gaji da ita.

Ƙirƙira ba laifi ba ce, tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Amma wanda ya tashi a Safo ko Gabi, yana jin abin da ke faruwa a dajin Baban Rafi da iyakar Jibiya, ya san baki ke tona shaida. Mai kai wa ɓarayi rahoto kasuwarku ɗaya, ya san uwar yaron, ya san gonarsu. In yaro ya ɓace, gidansu za a nufa. Misali, wani ɗan Mafiya mai suna Tommaso Buscetta ya fara tona asirin ƙungiyar a 1984, aka ɓoye shi a Amurka, aka ci gaba da kashe danginsa a Sisili. Yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan yaƙi da ƙungiyoyin masu laifi, a sashe na 24, ta haɗa da dangin shaida cikin waɗanda za a kare.

To, a labaranku, ku kwashe gidan gaba ɗaya. Ku rage waɗanda suka san inda suke, ko jandarma ba kowane ba. Ku raba yaron da wayarsa. Na'urar da kuke so, ku kai ta kotu: ya ba da shaida daga nesa, an sauya muryarsa. Ku ba miyagun ma tasu na'urar. Labarin yana cikin abin da yaron ya rasa, sunansa, makarantarsa, kakarsa da ba zai iya kira ranar Sallah ba.

Sai babban gargaɗi. Kada ku sa sunan ƙauye na gaske, ko siffar mutumin da za a gane. Kada jarumin ya ɗauki bidiyo ya watsa a WhatsApp a yi masa tafi. Yara na kwaikwayon abin da suka karanta, ɓarayi kuma suna da waya. Malaman da ke sa yara rubuta "abin da ya faru a garinmu" su karanta a gaban aji, don Allah su daina.