Babi a kan muridi mai tafiya cin rani, da haƙƙin waɗanda ya bari a gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya rani da damina, Ya rarraba arzikin bayinSa cikin garuruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani, wanda ya yi wafati a Fas shekara ta 1230 ta Hijira, daidai da 1815.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ahalin ɗariƙa, ku sani fita neman halal ibada ce idan niyya ta gyaru. Kakanninmu sun yi fatauci da jakuna har Gwanja saboda goro, su yi watanni ba mai jin labarinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayansa mota ta yawaita, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Yanzu da an kai amfani rumbu sai matasa su nufi Kano da Ikko da Ibadan da Kumasi, wani ga-ruwa, wani dako, wani gadi, wani yankan farce, wani sayar da shayi. Babu aibu ga sana'a ko ɗaya cikin waɗannan. Aibu yana ga wanda ya tafi ya manta da na baya.

Fasali na farko, abin da ke kansa kafin ya fita. Ya nemi izinin mahaifansa, domin biyayya ga mahaifa tana cikin sharuɗɗan da ya karɓa ran da aka yi masa talƙini. Ya auna hatsin da ke rumbu, ya lissafa bakunan da ke gida, ya ga ko zai kai su damina. Ya bar kuɗin cefane da na sabulu, ya wakilta amintacce, uba ko wa, wanda iyali za su nufa idan ciwo ko haihuwa ta zo. Bashin da ke kansa ya biya, ko a rubuta a gaban shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Kuma ya faɗa wa matarsa watan da zai komo.

Fasali na biyu, ibadarsa a hanya da masauki. Tafiyar da ta kai mil 48 ana ƙasaru a cikinta, amma idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari, ƙasaru ta yanke, sai ya cika salla. Lazimi ba ya faɗuwa don tafiya ko gajiyar aiki: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Matafiyi yana iya yinsa bisa abin hawa, wanda kuma lokaci ya kuɓuce masa sai ya rama. Jauharatul Kamali ba a karanta ta sai da alwalar ruwa a wuri mai tsarki. Idan bai samu ba, ya karanta Salatul Fatihi 20 a madadinta. In ya sauka baƙon gari, ya fara tambayar zawiya, domin wanda ya rasa zaman wazifa, zaman caca da na mashaya suna jiransa.

Fasali na uku, shi ne maƙasudin wannan babi. Ka sani, ya kai muridi, ciyar da matarka da tufatar da ita da ba ta wurin kwana farilla ne a kanka, haka 'ya'yanka ƙanana, haka mahaifanka idan matalauta ne kana da iko. Hadiyya ga shehi da tafiya Maulidi da ziyarar Kaulaha ko Fas alheri ne babba, amma ba su kai matsayin farilla ba, kuma ba a gabatar da nafila a kan farilla. Wanda ya ɗauki kuɗin tuwon 'ya'yansa ya kai hadiyya don a ce da shi mai himma, ya ba da abin da ba nasa ba. Shehi na gaskiya, da ya sani, da ya mayar masa.

Malaman mazhabar Imamu Maliku sun tabbatar cewa matar da mijinta ya ɓace wa bai bar mata abinci ba, bai aiko ba, kuma ba shi da dukiyar da za a ciyar da ita daga ciki, tana da ikon kai ƙara ga alƙali, ya jinkirta masa gwargwadon abin da ya gani, sa'an nan ya sake ta. To, dubi wannan kunya: mutum yana sahun gaba a zikirin Juma'a, carbi a hannu, alhali ana kiran sunansa a gaban alƙalin garinsu.

Tanbihi. Mutanen dā suna da uzuri, saƙo sai an sami ayari. Kai kuwa waya tana aljihunka, kuɗi suna isa ƙauye tun ba ka tashi daga inda kake zaune ba. Uzuri ya yanke. Abin da ka samu, fara fid da na gida, sa'an nan na cikinka, sa'an nan na guzurin komowa. Abin da ya saura, yi hadiyya da sadaka da shi. Ran da ba ka samu ba, kira ka faɗi gaskiya, domin shiru ya fi rashi ciwo ga mai jira. Kuma kada waya ta ruɗe ka, zumunta a ƙafa take. In hadari ya fara haɗuwa a gabas, ɗaure kayanka. Tsohonka ba shi da ƙarfin huɗa, yaronka kuma yana bukatar wanda zai tashe shi sallar asuba.

Wajibi ne ga muƙaddamai su riƙa tambayar baƙin muridai labarin gidajensu kamar yadda suke tambayarsu wuridi. Istigfari yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Haƙƙin mutum kuwa sai an biya, ko mai shi ya yafe.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya, Ya sa mu cika da kalmar shahada. Amin. Tammat bi hamdillahi.