Darasin Masana'antu: Yadda Ƙwayoyin Rezin Ke Cire Gubar Maganin Ƙwari Daga Ruwa

Duk masana'antar da ke haɗa maganin ƙwari ko ɗura shi a kwalabe tana fitar da gurɓataccen ruwa daga wanke tankuna, durom-durom da daɓen ɗakin aiki. Tun a 1991 tsohuwar hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, ta wajabta wa masana'antu tsabtace irin wannan ruwa kafin su sake shi, kuma daga 2007 hukumar NESREA ce ke sa ido a kan haka. Matsalar ita ce, tafkunan tace ruwa na yau da kullum sun dogara ne ga ƙwayoyin halitta masu cinye datti, alhali kuwa maganin ƙwari yakan kashe su ko ya wuce su bai narke ba.

Wata hanyar da ta dace a nan ita ce amfani da rezin, wato ƙwayoyin roba da ba su kai ƙwayar gero girma ba. Kamfanin Rohm and Haas na Amurka ne ya fito da samfurin Amberlite XAD a shekarun 1960. Kowace ƙwaya cike take da ramuka waɗanda ido ba ya gani, har ma faɗin cikin giram guda na XAD-4 ya haura murabba'in mita 700. Ke nan giram 10 sun kai faɗin filin ƙwallo.

Ga yadda aikin yake. Da farko a tace laka da maiƙo, domin su ne ke toshe ramukan. Sannan a tura ruwan ta cikin dogon tanki da aka cika da rezin. Sinadaran da ba sa son narkewa a ruwa, irin su DDT da lindan, sai su manne a jikin robar, ruwan ya wuce. Akan jera tankuna biyu, ta yadda in na farko ya ƙoshi, na biyu zai tare abin da ya kuɓuce.

Ɗan kasuwa zai tambaya: me ya sa ba za a tsaya ga gawayin tace ruwa ba, tun da ya fi araha? Amsar tana wajen sabuntawa. Gawayin da ya ƙoshi sai an kai shi tanderu mai zafin kusan digiri 800, kuma a kowane zagaye akan yi asarar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Shi kuwa rezin, a cikin tankinsa ake wanke shi da metanol ko asiton, a sake amfani da shi sau da yawa, sannan a tace sinadarin wankin a maido da shi. Saboda haka kada a kwatanta farashin buhu da buhu. A lissafa kuɗin tsabtace kowace lita 1,000 a tsawon shekarun aiki.

Sai dai akwai hattara biyu. Na ɗaya, magungunan ciyawa masu saurin narkewa a ruwa, kamar gilayifoset da farakwat, ba sa kamuwa sosai da wannan samfuri. Suna buƙatar wani nau'in rezin dabam. Don haka a kai ruwan masana'anta ɗakin gwaji kafin a buɗe takardar lamunin banki don odar kaya. Na biyu, rezin ba ya kashe guba, tattara ta yake yi. Tilas a tanadi hanyar ƙona ragowar a tanderu na musamman. Wanda ya zuba ta a kwata ya kashe kuɗinsa a banza, kuma hukuncin doka na nan yana jiransa.