Hausar Masu Gyaran Jikin Mota: Misali Daga Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Kowace sana'a tana da kalmomin da masu yin ta suka keɓanta da su, abin da masana ke kira Hausar rukuni. Wannan darasi zai duba Hausar masu gyaran jikin mota a Jibiya ta Jihar Katsina, musamman wajen liƙe ɓangaren da tsatsa ta ci. Malamin da bai san yadda aikin yake ba, ba zai iya bambance wa ɗalibansa ma'anar kalmomin ba, don haka za a fara da aikin kansa.

Asalin tsatsar

Jibiya tana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ta Magama da Ɗan Isa. Ƙasar busasshiya ce, saboda haka ana iya mamakin yawan tsatsa a jikin tsofaffin motocin shiga daji irin su Land Cruiser da Hilux. Dalili shi ne da yawansu kwance ne daga Turai, inda ake zuba gishiri a tituna lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana gaggauta cin ƙarfe. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su bi ta Nijar su shigo, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a 2017. Daga nan aka sami sunan "'yar Kwatano". Laka da ke maƙalewa a saman taya da damina tana ƙarasa ɓarnar.

Walda, ciko da liƙi

Kalmomin nan uku ba ma'anarsu ɗaya ba, kodayake mai mota kan haɗe su ya ce "a yi mata faci". Walda ita ce narkar da ƙarfe da wuta a haɗa shi da wani. Tana da ƙarfi, amma zafinta na lanƙwasa falle marar kauri, ya kuma ƙone fentin da ke bayansa, sai sabuwar tsatsa ta kama a nan. Ciko shi ne shafa ƙullun da ake kira "bodi fila" don daidaita lotsawa. Ciko ba ya riƙe ƙarfe. Wanda ya cusa takarda ko raga a rami ya bi da ciko da fenti ya yi algus ne, kuma mai saye kan gane ta hanyar ɗora maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe a wurin.

Liƙi kuwa ana yin sa ne da gam mai haɗi biyu, danƙon da kuma sinadarin daskarar da shi. Ana yanke wurin da ya ruɓe har sai an kai ga lafiyayyen ƙarfe, domin gam ba ya kama tsatsa. Sai a goge da samfefa, a share maiƙo, a yanko sabon falle wanda ya ɗan fi ramin faɗi yadda bakinsa zai hau kan tsohon. A shafa gam a fuskokin biyu, a matse, a bar shi ya kwana. Zafin bazara yana sa gam saurin daskarewa, shi ya sa ba a kwaɓa mai yawa a lokaci guda. Liƙi yana toshe kafar ruwa, yana kuma haɗa ƙarafa mabambanta. Wannan na da amfani ga tsohuwar Land Rover, wadda fallayen jikinta na alminiyam ne, ƙashin bayanta kuma na baƙin ƙarfe. Sai dai liƙi na ƙofa ne da rufi da gefen jiki. Shasi da duk inda ke ɗaukar nauyi aikin walda ne, kuma liƙa su ganganci ne da rayukan fasinjoji.

Abin lura ta fuskar harshe

Yawancin kalmomin aro ne daga Ingilishi, an kuma Hausantar da su. Da yake Hausa ba ta bambanta sautin /p/ da /f/, sai aka sami fenti da faci da samfefa. An ƙara wasali a ƙarshen fenti da faci saboda gaɓar Hausa ba ta saba ƙarewa da irin waɗannan baƙaƙe ba. A ƙetaren iyaka aron daga Faransanci yake: motar daji "kat-kat" ce, kwastan kuma "duwan". Bakaniken Jibiya yana jin duka biyun. Akwai kuma faɗaɗa ma'anar kalmomin gida, kamar a "tsatsa ta ci ƙofa", "gam ya kama", "fenti ya tashi".

Auna fahimta

1. Bambance tsakanin walda da ciko da liƙi, kowanne cikin jimla biyu.
2. A ziyarci garejin gyaran jikin mota mafi kusa, a tattaro kalmomi 15, a ware na aro da na gida, sannan a nuna yadda za a koyar da su a aji ɗaya na ƙaramar sakandare.