Bambancin motar tsere da motar haya

Motar tsere, irin waɗanda suka riƙa ratsa Agadas da Tenere a gasar Paris-Dakar da aka soma a 1978, don gudu aka ƙera ta. Ana rage mata kujeru saboda nauyi, a kafa mata ƙarafa a ciki da za su kare direba idan ta kife, a sa bel mai kama kafaɗu da ƙugu.

Motar da ke jigilar gero daga Gangara zuwa Tanut ba ta da wannan kariya. Don haka direbanta ya rage gudu, ya guji lodi fiye da kima, ya sassauta iskar taya a cikin rairayi, ya ƙara ta da zarar ya hau kwalta.