Darasi na 14: Daga Wutar Gida Zuwa Wutar Ma'aikata

Jama'a, yau karatunmu a kan masu aikin lantarki ne. A Magami da Tsafe da Bunguɗu akwai samari da yawa da suka iya jan waya a gida. Suna sa ƙwai, suna ɗaura fanka, suna gyara makunni. Wannan sana'a ce mai kyau. Amma aikin da ya fi tsoka yana wurin injin niƙa, da injin casar shinkafa, da famfon rijiyar burtsatse, da manyan kantuna.

Gusau ta daɗe da sanin injuna, gama garin auduga ne da gyaɗa. Tun da ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, ofisoshi da asibitoci da makarantu suka ƙaru. Kowane ɗayansu yana bukatar mai aikin wuta. To, me ya raba aikin gida da aikin waɗannan wurare? Abu uku ne.

Na farko, yawan layi. Ƙaramin gida layi ɗaya ake ja masa: waya mai wuta guda, da wayar komawa, wadda masu sana'a ke ce wa nutural. Ƙarfin wutar wajen bolt 240 ne. Ma'aikata kuwa layi uku ake ja mata. Tsakanin layi da layi ƙarfin ya kai wajen bolt 415. Ta gida ma tana kisa, balle wannan.

Layi uku yana da halinsa. In ka musanya biyu daga cikinsu, inji zai juya da baya. In ɗaya ya yanke, inji ya yi ta gurnani, ya yi zafi, ya ƙone. In ka ɗora dukan kayan kanti a kan layi ɗaya, wannan layin ya ɗau zafi, sauran biyu suna zaune banza. Kamar mai jakai uku ne ya labta wa ɗaya dukan kaya. Gwani yakan raba kaya daidai.

Na biyu, launin waya. A tsohon tsari layukan uku ja ne da rawaya da shuɗi, baƙa ita ce wayar komawa. A sabon tsari, wanda Ingila ta koma wa a 2004, layukan su ne ruwan ƙasa da baƙa da ruwan toka, shuɗiya ita ce ta komawa. Ku lura da kyau. Baƙar waya a wancan tsari ta komawa ce, a wannan kuwa mai wuta ce. Kaya iri biyun nan duk suna shigowa ƙasarmu. Saboda haka kada ka amince da launi. Kashe babban makunni, cire fiyus ka sa a aljihunka, don kada wani ya kunna kana cikin aiki. Sa'an nan ka gwada wayar da ma'auni kafin ka taɓa. Kada kuma ka bar inji ba wayar ƙasa, ita ce ke kwashe wuta in ta zubo jikin ƙarfe.

Na uku, lissafi. Ƙwai mai wat 60 ba ya jan wuta da yawa. Ƙarfin doki ɗaya kuwa wat 746 ne. Ashe inji mai doki 10 yana bukatar wat 7,460 ko fiye, wato ya fi ƙwai 120 ci. Lokacin tashi kuma yakan ja wuta kamar ninki shida na abin da yake ja in ya daidaita. Don haka ake sa masa akwatin tayarwa, ba makunnin ɗaki ba. In ka ja masa siririyar waya irin ta fitila, sai ta narke, gobara ta tashi, dukiyar mutum ta salwanta, sunanka ya ɓaci.

Ina ake sanin ƙarfin inji? A jikinsa. Kowane inji yana da ɗan allon ƙarfe, an rubuta bolt nawa yake so, da yawan wutar da yake ja, da ƙarfin dokinsa. Wanda bai iya karatu ba, allon nan ado ne a wurinsa. Sai ya yi ta cinta, wuta kuwa ba ta yafe cinta.

Ban da wannan, mai babban gini ba ya ba da aiki da baki. Zai miƙa maka zanen gini, ya ce ka rubuto kuɗin kaya da ladanka. In ka kasa, aikin ya tafi hannun wani, kai kuwa ka zama mai riƙe masa tsani.

Ga hanyar da za ka bi. Ka dage da ajin nan har karatu da lissafi su zauna. Ka nemi maigida wanda ke aikin layi uku a Gusau, ka zama yaronsa, ko da ka riga ka ƙware a aikin gida. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Daga nan ka ɗauki jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ke da mataki uku: na uku, na biyu, na ɗaya. Akwai kuma hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaida. Mai son zurfi, ga kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda.

Ku iyaye, in ɗanku yana wannan sana'a, ku turo shi aji. Fensir ma kayan aikinsa ne, daidai da filaya.

Tambayoyi

1. Layi nawa ake ja wa ƙaramin gida? Nawa ake ja wa ma'aikata?
2. Me zai faru in layi ɗaya ya yanke inji yana aiki?
3. Don me ba a amincewa da launin waya?
4. Inji mai doki 5, wat nawa ke nan? Ku yi lissafi a allo.