Ƙarin Jijiya a Kwarmin Ido: Yadda Ake Gane Shi

Hakimai da malamansu ne talakawa kan fara kai wa kuka. Saboda haka ya kamata su san wannan ciwo, ko da yake ba shi da yawa.

Ƙwayar ido tana zaune cikin kwarmi na ƙashi. Bayanta akwai jijiyoyi: ta gani, da masu juya ido, da masu jin taɓi. Wani lokaci ƙari kan tsiro a jikin ɗayansu. Galibi ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki, ba a kuma ɗaukarsa. Amma kwarmin matsattse ne, ba shi da mafita sai gaba. In ƙarin ya girma, sai ya turo idon waje, ya danne jijiyar gani. Ita kuwa in ta mutu, ba ta farfaɗowa.

Alamunsa

1. Ido ɗaya ya riƙa fitowa sannu a hankali, watanni ko shekaru, galibi ba zafi, ba ja.
2. Gani ya ragu, ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu.
3. Fatar ido ta sama ta yi kauri, ta sauko.
4. Tabo shida ko fiye a jikin yaro, ko ƙuluƙulai a fatar iyayensa. Wannan cuta ce ta gado, wadda wani likitan Jamus, von Recklinghausen, ya bayyana a 1882.

Binciken likita

Likita zai auna fitowar idanun biyu. In bambancinsu ya wuce milimita 2, abin tuhuma ne. Zai gwada ƙarfin gani, ya haska cikin ido ya dubi bakin jijiyar. Zai auna jini saboda cutar maƙoƙo, gama ita ta fi turo idon manya. Sa'an nan a ɗauki hoto: na CT ya fi nuna ƙashi, na MRI ya fi nuna jijiya da iyakar ƙarin. In an cire ƙarin, sai a duba ɗan yankinsa a madubin likita, a tabbatar da irinsa. Ba kowanne ake yi wa aiki ba, wani akan sa masa ido kawai.

Aikin hakimi

A gargaɗi dagatai da masu unguwa, kada a bar wanzami ya yi wa irin wannan ido sakiya ko tsaga. Malami ya rubuta lokacin da abin ya soma, a haɗa da tsohon hoton majiyyacin in akwai, a tura shi asibitin ido, kamar na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Amma in idon ya fito cikin 'yan kwanaki ko makonni, musamman ga yaro, ko da zazzaɓi da zogi, to, wata cuta ce mai haɗari. A kai shi ran nan, kada a kwana.

Allah ya kiyashe mu.